Cin Rani, Hunturu da Kiɗa: Tarihin Tafiyar Samarin Gobir Neman Aiki

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Gobir, da zarar an gama girbi an kai dammunan gero rumbu, iska kuma ta juya ta fara kaɗowa da hazo, sai samari su fara raguwa a dandali. Wannan ya nufi Ikko, wancan Badun, wani Fatakwal, wani kuwa ya tsallaka iyaka ya yi arewa, wajen Agadas ko Libiya. Wannan tafiya ita Hausawa ke kira cin rani. Masana labarin ƙasa da na tattalin arziki sun yi rubuce-rubuce a kanta tun shekarun 1950, amma galibin aikinsu ƙidaya ce, watau mutum nawa suka fita, ina suka nufa, nawa suka samo. Ba su cika kula da abin da saurayin ke saurare a hanya ba, balle abin da yake komowa da shi a kunnensa.

Wannan maƙala za ta bi diddigin tafiyar daga yankin Kurawa, Sabon Birni da Isa, tare da haɗa abubuwa uku da aka saba rabawa: neman aiki, yanayin hunturu, da kiɗan da samari suka fi so a kowane zamani. Abin da ake son nunawa shi ne, cin rani zagaye ne mai fita da komowa. Hunturu ke buɗe shi, hadarin bazara ke rufe shi, kiɗan da saurayi ya koma gida da shi kuwa shaida ne na inda ƙafarsa ta taka. Daga ƙarshe za a duba yadda rashin tsaro ya raunana wannan zagaye a 'yan shekarun nan.

2.0 Ƙasar da Mutanenta

Kurawa gari ne a ƙaramar hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, a kwarin Gulbin Rima, dab da iyakar Jamhuriyar Nijar. A wannan yanki ne kufan Alƙalawa yake, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a ƙarni na 18, wanda masu jihadi suka ci a 1808 aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa ba su miƙa wuya nan take ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali, wasunsu sun ja arewa sun kafa Tsibiri kusa da Maraɗi. Wajen shekarun 1860 Ɗan Halima ya ɓalle daga Tsibiri, ya yi sulhu da Sakkwato, ya kafa Sabon Birni. Isa kuwa ribaɗi ce ta Daular Usmaniyya, sarautarta kuma tana hannun zuriyar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da Turawa suka zo, Ingilishi suka ci Sakkwato a watan Maris 1903, aka kuma shata iyaka tsakaninsu da Faransawa daga 1906 zuwa 1908. Layin ya ratsa tsakiyar Gobir, Tsibiri ta faɗa hannun Faransa, Sabon Birni da Isa suka faɗa hannun Ingila. Dangi ɗaya suka wayi gari ƙarƙashin hukuma biyu, haraji biyu, kuɗi iri biyu. Wannan rabuwa ta yi tasiri ƙwarai a kan tafiye-tafiyen samari, domin tun daga lokacin Bagobiri yana da ƙofa biyu, ta kudu da ta arewa.

Ƙasar kanta jigawa ce da fadama. Ruwan sama bai cika wuce watanni huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba, kuma wata shekara ya wadata, wata ya gaza. Gero da dawa da wake ake nomawa a jigawa. A tsarin gandu, saurayi yana yi wa maigida aiki duk damina, sai ɗan lokacin da aka ware masa don gayaunarsa. Gandu ke ciyar da shi, amma ba kullum gandu ke iya ɗauke masa tufafi da kuɗin zance da kayan aure ba. Idan aka gama kaka, ƙarfinsa ya koma nasa har faɗuwar ruwa. Waɗannan watanni shida ko bakwai su ne jarinsa.

3.0 Hunturu, Lokacin Tashi

Hunturu yakan kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Iska ce busasshiya da ke tasowa daga arewa maso gabas, tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. A tsakiyarsa, wato Disamba da Janairu, sanyin asuba a ƙasar Sakkwato yakan sauka zuwa digiri 15 ko ƙasa da haka, sa'an nan da rana zafi ya haura 30. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi da faso, mura da tari su yawaita. Tsofaffi su kewaye wutar kara suna jin ɗumi, hazo kuma wani lokaci ya rufe rana har hantsi.

To, me ya sa a daidai wannan lokaci mai wuya samari ke barin ɗaki? Akwai dalilai huɗu. Na farko, aikin gona ya ƙare, sai fa ga mai fadama. Na biyu, hanya ta bushe, gulabe sun janye, tafiyar ƙasa kuma ta fi sauƙi cikin sanyi bisa ga zafin bazara. Na uku, babbar kakar koko a ƙasar Yarbawa da Gana tana faɗawa tsakanin Oktoba da Fabrairu, watau lokacin da Kurmi ke neman hannu shi ne lokacin da Arewa ke da rarar hannu. Na huɗu, wanda shi ne tushen sunan, duk bakin da ya bar gida ya rage wa rumbu nauyi. Wanda ya tafi ya ci raninsa a wani wuri, hatsin da zai ci ya jira damina, lokacin da ake bukatar ƙarfin noma ga kuma rumbu ya yi ƙasa. Saboda haka ko da saurayi ya komo hannu wofi, gidansu ya riga ya ci ribar rashinsa.

Kayan tafiyar ba su da yawa: sanda, gora, tabarma, gwado na rufa, laya, da guzurin gumba ko ƙuliƙuli. Ba a cika fita mutum ɗaya ba. Sabon shiga yakan bi wani yayansa ko tsohon hannu wanda ya san mashigin ruwa da zauren da ake sauka. Kafin ya tashi sai ya durƙusa gaban mahaifinsa ya nemi izini, ya shiga wurin mahaifiya ta sa masa albarka, ya biya ta wurin malam a duba masa ranar fita. Alkawarin da ake ɗauka kuwa guda ne, cewa shuka ba za ta same shi a waje ba.

4.0 Daga Fatauci Zuwa Ƙwadago

Tafiyar rani ta girmi zuwan Turawa. Fatake sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, almajirai na bin malamansu gabas, masu sana'a kamar majema da maɗinka da wanzamai na yawo kasuwa-kasuwa. Abin da mulkin mallaka ya kawo shi ne mai da tafiyar ta zama ta sayar da ƙarfi. Dokar 1901 ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar, ta kuma hana cinikin bayi, sai masu gandaye suka fara neman 'yan ƙwadago, bayin da suka samu kansu kuma suka shiga neman abin yi. Har ila yau aka tilasta biyan haraji da kuɗin Bature maimakon wuri ko hatsi, ana kuma karɓarsa bayan kaka. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ƙara koya wa mutane cewa rumbu kaɗai ba abin dogaro ba ne. A ɓangaren Faransa kuwa aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, ya kora samari da yawa kudu.

Hanyoyi biyu ne manya. Ta farko ta ƙasa ce, a bi ta Sakkwato da Jega a gangara Yawuri, a haye Kwara, a ratsa Bargu zuwa ƙasar Yarbawa ko Kumasi. Ta biyu ta samu ne bayan da layin dogo ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Daga Sabon Birni sai Isa, sai Shinkafi, sai Ƙaura, mai kuɗin tikiti ya hau jirgi zuwa Gusau da Zariya, daga can ya zaɓi Jos ko Ikko. A kudu saurayi yakan sauka a zango, kamar Sabo ta Badun da aka kafa a 1916, inda wani maigida zai ba shi wurin kwana ya kuma tsaya masa. Bagobiri yana da wata 'yar gata a nan, domin akwai wasan taubasantaka tsakanin Gobirawa da Yarbawa, kuma barkwanci ya sha buɗe ƙofar da kuɗi ba su buɗe ba. Ayyukan su ne dako, ga-ruwa, gadi, yankan farce, haƙar rijiya, sassabe da fasa koko.

Ba kowace tafiya ce ta ganin dama ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza, sai aka shiga ɗibar talakawa daga lardunan Arewa, har da na Sakkwato, zuwa mahaƙan Jos. Wannan shi ne ɗiban gwamna, wanda ya ci gaba har 1944. Mutanen da suka saba da sanyin kwarin Rima suka tarar da na tsaunin Jos, ba isasshen bargo, ba isasshen abinci, ga aiki cikin ruwa. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu. Bill Freund ya yi bayanin wannan a littafinsa na 1981 a kan ma'aikatan kuza.

Ƙidaya mafi shahara ita ce wadda aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, wadda R. Mansell Prothero ya nazarta. An tsayar da malamai a mashigai da manyan hanyoyin fita Lardin Sakkwato, aka ƙirga matafiya kimanin 259,000, wajen kashi uku cikin huɗu 'yan lardin ne, sauran kuma da yawansu daga ƙasar Faransa suka fito. Prothero ya bambanta masu cin rani na kusa da waɗanda ake kira 'yan tuma da gora, watau masu dogon zango da ba su da komai sai ƙarfinsu. A daidai wannan zamani Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Jaguar, labarin samari uku daga Nijar da suka tafi Gana neman arziki suka komo suka rabar da abin da suka samo. Ƙofar Gana ta ƙuntata a 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takardu. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 kuma suka mai da akalar tafiya biranen Nijeriya, daidai lokacin da farin 1973 ya sake tayar da mutane.

5.0 Kiɗan Gida da Kiɗan Bariki

Saurayin Gobir ba ya barin gida da kunne wofi. Makonnin da ke gaban tafiya su ne na kalankuwa da dambe da kokowa da bukukuwan aure, lokacin da hatsi ya samu, makaɗa kuma ke yawo gari-gari. Kiɗan da ya fi motsa samari a da shi ne na maza. Makaɗan noma suna kambama ƙaƙƙarfa suna zambo ga raggo. Ɗan Anace ya ɗaukaka 'yan dambe irin su Shago. Kassu Zurmi, daga maƙwabciyar ƙasar Zurmi, ya yi wa 'yan tauri da mafarauta. Jigon waɗannan waƙoƙi ɗaya ne: namiji shi ne mai jure wuya, mai fita ya komo da suna. Wanda ya tashi da irin wannan kirari a kunne, zaman gida da rani abin kunya ne a gare shi. Zomo, in ji Hausawa, ba ya kamuwa daga zaune.

A fada kuwa akwai kotso. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu, shi ne ya kai waƙar fada matsayin da har yau ake nazarinta a jami'o'i, musamman Bakandamiya. Asali waƙarsa ta sarakuna ce da fadawa. Rediyo ne ya fitar da ita daga ƙofar fada. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962, sa'an nan ƙaramin rediyo mai batir ya yi araha. Daga nan sai ya zamana ɗan dako a Agege yana iya jin sunayen garuruwan ƙasarsu cikin muryar Narambaɗa, da karin harshen da aka yi masa goyo da shi. Shirin Zaɓi Sonka ya ƙara wani abu, domin ta nan matafiyi ke aika gaisuwa gida, a ambaci sunansa da unguwar da yake, iyaye su san yana raye.

Amma bariki tana da nata kiɗan. A zango da tasha da gidajen magajiya saurayi ya tarar da goge da kukuma da garaya, kayan kiɗan da malaman garinsu ke ƙyama. Ya ji Mamman Shata da kalangunsa, Garba Supa, Ibrahim Na Habu, Ali Makaho. Wanda ya fi kusa da halinsa shi ne Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya yi wa ƙaramin ma'aikaci waƙa, kamar ta Karen Mota, ya kuma yi magana a kan mai akwai da babu. A nan ne waƙar Hausa ta sami sabon gwarzo, wanda ba sarki ba ne ba kuma ɗan dambe ba, mutum ne mai neman na tuwo a garin da ba a san asalinsa ba.

Kayan da ake komowa da su ma tarihi ne. A shekarun 1950 keke ne da tocila da turmin atamfa, mai babban rabo ya haɗa da garmaho. A shekarun 1960 rediyo ne. Daga tsakiyar shekarun 1970 rikoda ce da kaset. Saurayin da ya shigo gari da rikoda a kafaɗa yana sanar da abu biyu a lokaci guda, cewa ya samo, kuma ya ga duniya. Dattawa su yi tsaki, ƙannensa su bi shi a baya, badi kuma su ne a hanya.

6.0 Jita da Masu Neman Aiki na Sahara

Kiɗan rok ya samo asali a Amurka a shekarun 1950, ya bunƙasa a Ingila, ginshiƙinsa kuwa jita mai lantarki da ganguna. Ya shigo kudancin Nijeriya da ƙarfi bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, inda ƙungiyoyi irin su BLO da Funkees da Ofege suka yi tashe. 'Yan Ofege ma ɗaliban wata kwaleji ne da ke Obalende, unguwar da Hausawa ke da yawa a Ikko. Duk da wannan maƙwabtaka, kiɗan bai bi 'yan cin rani zuwa Gobir ba. Dalilin a fili yake. Da Turanci ake yawancin waƙoƙin, a otal da filin makaranta ake yin su, ɗan ƙwadago kuwa iyakarsa bakin ƙofa, in ma gadi yake yi. Daɗin daɗawa, Bahaushe magana yake fara saurare kafin kiɗa. Waƙar da bai ji azancinta ba, komai daɗin sautinta, ba ta zama tasa.

Jitar ta iso ne ta ƙofar arewa, kuma masu neman aiki ne suka kawo ta. Farin 1973 da na 1984 sun halaka dabbobin Buzaye a Mali da Nijar, samarinsu suka bazama Tamanrasat ta Aljeriya da biranen Libiya neman ƙwadago. Aka laƙaba musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. A cikinsu ne ƙungiyar Tinariwen ta tsiro wajen 1979. Sun saurari Jimi Hendrix da ire-irensa a kaset, suka ɗora jita bisa karin kiɗansu na gargajiya, suka yi waƙa da harshensu a kan kewar gida, ƙishirwa da wulaƙancin baƙunci. Kaset ɗinsu ya yi yawo hannu da hannu a lokacin tawayen 1990 zuwa 1995 a Nijar. A 2012 Tinariwen ta ci kyautar Grammy a Amurka. Ga abin lura a nan: kiɗan rok na Sahara, wanda duniya ke yabo, asalinsa kiɗan 'yan cin rani ne.

Alaƙarsa da ƙasar Sakkwato ba ta nesa ba ce. Tarihin baka na Gobirawa ya nuna daga Azbin suka gangaro, Buzaye kuma sun daɗe suna saukowa da gishiri da raƙuma suna komawa da gero. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya kuma yi zaman neman aiki a Libiya. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a ɗakin ɗaukar sauti irin na mawaƙan finafinan Hausa, da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Waƙoƙin suka yaɗu ta katin wayar hannu daga tasha zuwa tasha, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya sa ɗaya daga ciki a tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Daga nan Mdou Moctar ya shiga sahun mashahuran makaɗan jita na duniya, kamar Bombino na Agadas.

Wannan ba ya nufin jita ta kori sauran kiɗa a Gobir. Abin da ya fi cika wayar saurayi tun daga shekarun 2000 shi ne waƙoƙin fiyano na Kano da Kaduna, waɗanda suka taso tare da finafinan Hausa, da wa'azi da karatu, da tsofaffin makaɗan gida. Amma wanda ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya, ko mahaƙan zinariyar Jado da aka gano a 2014, ya kwana cikin sanyin hamada a bayan a-kori-kura, yakan komo da sautin jita tare da su. Katin waya ɗaya yana iya ɗauke da Narambaɗa da Hamisu Breaker da Bombino. Mai nazari da ya duba jerin zai iya karanta taswirar tafiyar mai wayar.

7.0 Fita Ba Komowa

Duk abin da aka bayyana a sama ya dogara ga sharaɗi ɗaya, watau akwai gonar da za a komo mata. Wannan sharaɗi ne ya girgiza. Daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a gabashin Jihar Sakkwato, dubun-dubatar mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Runji. A ƙarshen watan Mayu 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a rana guda. A watan Satumba 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa, sai ɗan cin rani ya rasa hanyar jin muryar gida da ta aika kuɗi. A farkon Disamba na shekarar, cikin hunturu, aka tare motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni kusa da Gidan Bawa aka cinna mata wuta, hukuma ta ce mutum 23 suka rasu. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya kuma rasu a hannun waɗanda suka sace shi.

Illar wannan ga cin rani ta fuska uku ce. Da fari, 'yan bindiga sun ɗora wa ƙauyuka da yawa kuɗin noma da na girbi, sai gumin saurayi ya koma biyan haraji, kamar yadda na kakansa ya koma a zamanin Turawa, ko kuma kuɗin fansa. Na biyu, hanyar Isa da Shinkafi, wadda ta ɗauki matafiya tun 1929, ta zama abin tsoro. Na uku, wanda gonarsa ba ta nomuwa ba shi da dalilin duban gabas idan hadari ya haɗu. Can inda ake zuwa ma ƙofa ta ƙuntata, domin Jihar Legas ta hana acaɓa a manyan sassanta a 2020 da 2022, an kuma rufe iyakar Nijeriya da Nijar daga 2019 zuwa 2020, da kuma daga 2023 zuwa 2024. Mutumin da ya fita da iyalinsa, ba ranar komowa, ba ɗan cin rani ba ne ko da ya kira kansa haka. Ɗan gudun hijira ne.

8.0 Kammalawa

An ga yadda cin rani ya tashi daga fatauci da almajiranci ya koma ƙwadago a ƙarƙashin haraji, da yadda hunturu ya tsara masa lokaci, da yadda kowace hanya ta bar alamarta a kiɗan samari: kirarin maza daga dandalin gida, goge da kuntigi daga bariki, jita daga Sahara. An kuma ga cewa komowa ita ce ruhin al'adar, ita ce kuma aka fi yi wa rauni a yau.

Akwai aiki a gaban manazarta, kuma ba ya jira. Dattawan da suka taka zuwa Kumasi da ƙafa sun kusa ƙarewa, waɗanda suka rage da yawansu sun warwatsu a Sakkwato da Maraɗi da sansanonin gudun hijira. Kaset yana lalacewa da zafi da ƙura, katin waya kuma yana ɓata tare da wayar. Ya kamata sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takwarorinsa na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su haɗa hannu, tun da Gobir ɗin guda ce, su ɗauki maganar tsofaffin matafiya, su tara kalmomin sana'o'insu da sunayen zangunansu, su kuma tambayi kowannensu waƙar da ta raka shi a shekararsa ta farko. Ɗalibin da ke neman batun digiri, ya fara da kakansa.